Darasi na 9: Kitsen Hanta da Abin da Muke Ci da Sha

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci ya san kamannin hanta mai lafiya: ja ce mai duhu, tana sheƙi, gefenta siriri kamar bakin wuƙa. Wani lokaci kuma a feɗe dabba a tarar hantarta ta koɗe, ta yi fatsi-fatsi tana neman komawa ruwan ɗorawa, ta kumbura, in an yanka ta wuƙar ta fito da maiƙo. Kitse ne ya cika ta. Abin da ke samun hantar dabba yana samun ta ɗan Adam, sai dai mu babu mai feɗe mu ya gani.

A ƙasar Faransa akwai wani abinci mai tsada da ake yi da hantar agwagwa ko dinya wadda aka cika da kitse da gangan. A kusan mako biyu na ƙarshe kafin yanka, ana yi wa tsuntsuwar ɗura sau biyu ko uku a rana, har hantarta ta ninka girmanta sau 6 zuwa 10. Dabarar tsohuwa ce, don akwai zanenta a kaburburan Misirawan dā da ke Sakkara, tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce. To me ake ɗura wa tsuntsuwar? Mai karatu zai zaci kitse ne ko man shanu. Masara ce. Hatsi ne ke shiga ta baki, hanta ta juya shi kitse. Ku riƙe wannan, domin rabin darasinmu a kansa ya tsaya.

Aikin hanta

Hantar babban mutum ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi, tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Mafi yawan abin da hanji ya tsotsa daga abinci sai ya fara bi ta cikinta kafin ya shiga sauran jiki, kamar yadda kaya ke tsayawa a shingen kwastan. Ita ke yin ɗacin da ke taruwa a matsarmama don narkar da maiƙo, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, ita ke warware magunguna da guba. Kuma rumbu ce: tana ajiye sukari kamar giram 100 don ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan cikin dare ko lokacin azumi. Rumbun nan ƙarami ne. In ya cika kuma aka ci gaba da kawo kaya, hanta ba ta mayar da su ƙofa, sai ta juya rarar ta zama kitse.

Likitoci na cewa mutum yana da kitsen hanta idan kitse ya shiga fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hantarsa. A dā, duk wanda aka ga hantarsa haka sai a ce mashayin giya ne, in ya musa a ce ƙarya yake. A 1980 wani likita mai suna Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo da ke Amurka suka bayyana mutum 20 da hantarsu ta lalace irin ta mashaya alhali ba sa sha. Galibinsu masu ƙiba ne, da yawa kuma suna da ciwon sukari. A 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sauya wa cutar suna zuwa MASLD, sunan da ke ɗaure ta da lalacewar yadda jiki ke sarrafa abinci. A sabon tsarin, ana duba ko mai kitsen hanta yana da aƙalla ɗaya daga cikin abokan tafiyarta: ƙiba ko faɗin ƙugu, sukarin jini da ya haura, hawan jini, yawan maiƙon jini da ake kira tiraigilisarayid, ko ƙarancin kolestarol mai amfani. Waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne. In ka ga ɗaya a zaure, leƙa cikin gida.

Wani babban nazari na 2016 ya ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 4 na manyan duniya yana da ita, ƙididdigar baya-bayan nan kuma ta kai wajen kashi 30 cikin 100. A cikin masu ciwon sukarin manya, fiye da rabi ne. Nazarin na 2016 ya sa Afirka a ƙasa, wajen kashi 13, Gabas ta Tsakiya kuma a sama, wajen kashi 32. Gado ma yana da hannu: a wani bincike na birnin Dallas a 2004, an samu kitsen hanta a kashi 45 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na fararen fata, kashi 24 na baƙaƙe. Kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Kashi 24 kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, kuma abincin Kano da Kaduna da Maraɗi na yau ba shi ne na kakanninmu ba.

Ta ina kitsen ke shigowa?

A 2005 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka bi sawun kitsen da ke hantar wasu marasa lafiya. Suka gano kusan kashi 59 cikin 100 ya kwararo ne daga kitsen da ke jibge a jiki, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da sitaci, kashi 15 kacal ya zo kai tsaye daga maiƙon abinci. Wato mai cire kitsen nama yana ajiyewa gefe, sannan ya kora da lemun kwalba biyu, ya tare ƙaramar ƙofa ne ya bar babbar a buɗe.

Dalilin kwararowar kitsen jiki zuwa hanta shi ne jiki ya daina jin insulin. Wannan sinadari ne da wata gaɓa a bayan tumbi, fankiriyas, ke fitarwa bayan an ci abinci. Aikinsa kamar na ɗan aike ne: ya je ƙofar tsoka ya yi sallama, a buɗe, sukari ya shiga, ya je wurin kitsen jiki ya ce a rufe rumbu, yanzu akwai abinci. Idan teɓa ta yi yawa, kuma jiki ba ya motsi, sai gaɓoɓi su fara yi wa sallamar kunnen uwar shegu. Fankiriyas ta ƙara yawan 'yan aike. Kitsen ciki ya ƙi rufe rumbunsa, ya riƙa tsiyaya cikin jini, kuma jijiyar da ke kwashe jinin cikin ciki hanta ta nufa kai tsaye. Yawan insulin ɗin kuma ya ƙara zuga hanta ta ƙera sabon kitse. Hantar da ta cika da kitse ita ma ta daina jin sallama, ta riƙa zuba sukari cikin jini ko ba a buƙata. Haka ake zagayawa har fankiriyas ta gaji, ciwon sukari ya bayyana.

Yawancin masu kitsen hanta a matakin farko suke tsayawa, kitse zalla. A wasu, hantar takan kumbura, ƙwayoyinta su riƙa mutuwa, wurin ya warke da tabo. Tabo kan tabo, shekara da shekaru, sai hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, daga nan ciki ya tara ruwa, ido ya yi shawara, ko a yi aman jini, ko sankara ta fito. Duk wannan tafiyar ana iya yin ta ba ciwo ba zazzaɓi. Iyakarta gajiya ko ɗan nauyi a gefen dama. Abin da ya fi kashe masu wannan cuta kuwa ba hantar ba ce: ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka duk gyaran da za mu ambata, zuciya da jijiyoyi ma suna cin moriyarsa.

Abin sha kafin abin ci

Sukarin da muke sayowa a kanti rabi gulukos ne rabi furuktos. Gulukos kowace gaɓa tana ƙona shi. Furuktos kuwa, in ya zo da yawa, nauyinsa a kan hanta yake faɗawa, kuma yana saurin komawa kitse. Wanda ya ci gwaiba ko lemun zaƙi da ɓargonsa, sukarin kaɗan ne kuma a hankali yake shiga, saboda tauna da ƙaiƙayin da ke cikin 'ya'yan itacen. Wanda ya ɗaga kwalba ya shanye cikin minti uku ya aika wa hantarsa ambaliya, kuma cikinsa bai san ya ci komai ba.

Mu yi lissafi. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar sukari giram 4. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato wajen giram 50 ko cokali 12 ga babban mutum, in ya sauko zuwa cokali 6 ya fi. Galibin lemun kwalba yana da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100. Gorar roba mai santilita 50 ke nan giram 50. Gora ɗaya ta cinye rabon yini. Ba a sa shayin safe ba, wanda mai shayi ke zuba wa sukari da babban cokali ya bi da madarar gwangwani. Ba a sa zoɓo da kunun zaƙi da lamurje na ƙulli ba. Ba a sa sukarin da ake barbaɗa wa fura da koko ba. Lemun malt da muke kai wa marar lafiya a asibiti don "ya ƙara jini", sukarinsa bai gaza na sauran ba. Zuma da mazarƙwaila ma cikin wannan lissafi suke. Zuma tana da darajarta, amma wajen kashi 40 cikin 100 nata furuktos ne, hanta kuwa ba ta tambayar daga amya ya fito ko daga masana'anta.

An gwada abin a aikace. A wani gwaji da aka buga a 2019, an ɗauki samari 40 masu shekara 11 zuwa 16 a Amurka, duk suna da kitsen hanta. An raba su biyu: gidajen rukuni ɗaya aka kwashe musu kayan zaƙi aka riƙa kawo musu abinci marar sukari, ɗayan rukunin ya ci gaba da cin abin da ya saba. Bayan mako 8, kitsen hantar rukunin farko ya sauka daga kashi 25 zuwa 17. Na biyun daga 21 zuwa 20. Ku lura da abu guda: dukan gidan aka canja wa abinci. Da wuya yaro ko maigida ya bar lemo alhali katan na ajiye a ɗaki. Gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemun zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. A ganina kuɗin bai kai ya hana kowa saye ba. Harajin da zai yi aiki shi ne wanda uwargida za ta sa a kicin ɗinta.

Bayan sukari sai sitacin da aka tace. Kakanninmu sun rayu a kan gero da dawa, amma sun ci su da mafi yawan dusarsu, kuma sun wuni a gona. Mu kuwa muna surfe masara har ta yi fari fat mu ba akuya dusar, mu ci burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, Indomie da dare, mu hau babur zuwa masallacin da ke bayan layi. Ba ana cewa a bar tuwo ba ne. A rage malmala, a yawaita miya, a bar wa hatsi ɗan ƙaiƙayinsa, a haɗa shinkafa da wake, a dawo da acha da dambu mai zogale da fate mai ganye.

Maiƙo ma iri-iri ne. A Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin an ba matasa 39 kek su riƙa ci kullum tsawon mako 7, na wasu an yi shi da man kwakwar manja, na wasu da man furen rana. Duka ɓangarorin sun ƙara nauyi daidai, wajen kilo 1.6, amma kitsen hanta ya fi taruwa sosai a ɓangaren farko. Maiƙon da ke daskarewa in an yi sanyi, irin su kakiɗe, man shanu da manja, ya fi cika hanta. Man gyaɗa, riɗi da kifi mai maiƙo sun fi sauƙi gare ta. Manja yana da amfaninsa, don jan da ke cikinsa jiki na juya shi bitamin A. Abin dubawa shi ne yawa: miyar da mai ke iyo a samanta har a ga fuska a ciki ta wuce gona da iri.

Likitocin Turai suna yaba abincin mutanen gaɓar tekun Bahar Rum: ganye da yawa, wake, hatsi da dusarsa, kifi, man zaitun, nama kaɗan. A wani ƙaramin gwaji na mutum 12 a Ostareliya a 2013, mako 6 a kan wannan abinci ya rage kitsen hanta da kashi 39 cikin 100 ba tare da nauyinsu ya canja sosai ba. Ba sai mun sayi man zaitun na kwalba ba. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, miyar kuka da kuɓewa da karkashi, alale, gurjiya, gauta, kabewa, nono marar sukari, kifi sau biyu a mako: tsarin ɗaya ne, tukunyar ce tamu.

Nawa za a rage?

A Habana, babban birnin Kyuba, an bi mutum 293 masu kumburin hanta tsawon shekara guda, an ɗebi ɗan yankin hantarsu an duba kafin da bayan. Sakamakon ya fito a 2015. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, 9 cikin 10 kumburin ya tafi, kusan rabinsu tabon ma ya ragu. Amma mutum 1 cikin 10 ne kawai ya iya kaiwa wannan matsayi, duk da kulawar likitoci. Na kawo wannan don kada wani ya gaya muku abu ne mai sauƙi. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ba sai an kai goma ake fara cin riba ba: kashi 3 zuwa 5 yana rage kitsen, kashi 7 yana taɓa kumburin. Mai kilo 80 ke nan, kilo 4 shi ne kashi 5, kilo 8 shi ne kashi 10. Rabin kilo a mako ya isa. Rama ta gaggawa tana iya haifar da tsakuwar matsarmama, kuma yunwa ba magani ba ce: yara masu tamowa irin ta kwashoko, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a Akara a shekarun 1930, hantarsu cike take da kitse, saboda rashin sinadarin gina jiki da zai fitar da shi.

Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko sikeli bai motsa ba, domin tsoka mai aiki tana shan sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Daka, shara, ɗiban ruwa da noma duk suna cikin lissafi.

Wani dattijo a aji ya taɓa ce mini, "To Malam, mu da muke azumin wata guda cur, ai hantarmu ta huta." Na ce, "Baba, da rana tana hutawa. Gaya mini abin da ke kan tabarmarka in an kira magariba." Ya lissafa: dabino, kunu da sukari, ƙosai, fanke, lemo mai sanyi, sannan tuwo bayan asham. Ajin ya yi dariya, don tabarmar kowa ce. Azumi dama ce ta gaske, mutane da yawa suna rage ɗan nauyi a cikinsa, sai dai yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin kada ya rage abinci sosai sai ya shawarci likitansa, don sukarinsa na iya faɗuwa. Mai juna biyu kuma ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta.

Ƙwayoyin ƙari: me aka gwada, me aka gani?

Yanzu mu zo kan kwalabe da ƙwayoyi da garin da ake tallatawa a tasha da lasifika, a rediyo, a WhatsApp da TikTok, ana cewa suna "wanke hanta". Hanta ba tukunya ba ce da za a cuɗa da toka. Ita ce ma mai wanke jini, kuma duk abin da aka haɗiya aiki ne aka ƙara mata.

Wanda ya fi kowanne hujja shi ne bitamin E. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010, an raba manya 247 masu kumburin hanta, marasa ciwon sukari, aka bi su mako 96. Cikin waɗanda suka sha bitamin E mai ƙarfin 800 kullum, kashi 43 hantarsu ta gyaru, a kan kashi 19 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. Riba ce, amma tabon bai ragu ba. Shekara guda bayan haka, wani gwaji na maza fiye da 35,000 ya nuna masu shan bitamin E kullum sun fi kamuwa da sankarar furostet, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Yawansa kuma yana iya sa jini ya ƙi tsayawa. Don haka likita ne ke zaɓar wanda ya dace da shi. Ba abin saye a kemis da ka ba ne.

Man kifi na ƙwaya yana sauko da maiƙon jini, amma a gwaje-gwaje bai warkar da kumburi ko tabon hanta ba. Silimarin, wanda ake samu daga wata ƙaya kuma yake cikin yawancin magungunan "kare hanta", an daɗe ana gwada shi ba a samu sakamako mai gamsarwa ba. Abin mamaki, wanda ya fi su kyakkyawan suna a wurin likitocin hanta shi ne gahawa: nazarce-nazarce da yawa sun ga masu shan kofi 2 zuwa 3 a rana ba su cika yin tabon hanta ba. Lura aka yi da masu sha, ba gwaji irin na magani ba, kuma ana nufin baƙar gahawa. 'Yar leda mai haɗe da sukari da garin madara alewa ce.

Ɗaya gefen ya fi muni. Wata cibiya a Amurka da ke tattara bayanan waɗanda magani ya lalata wa hanta ta gano cewa tsakanin 2004 da 2013, rabon da ƙwayoyin ƙari da haɗe-haɗen ganye ke da shi ya tashi daga kashi 7 zuwa 20 cikin 100. Koren shayi a kofi lafiya lau ne, amma a 2018 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa sinadarinsa da aka tattara a ƙwaya, in ya kai miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hanta. Irinsa ake sawa a magungunan rage teɓa. Kurkum a miya ba ya cutar da kowa, amma a Italiya a 2019 fiye da mutum 20 suka kamu da kumburin hanta bayan shan ƙwayoyinsa, waɗanda ake haɗa wa sinadarin masoro don jiki ya tsotse su da yawa. Ka'idar ɗaya ce: abin da ke da lafiya a tukunya yana iya zama guba in an tattara shi an ninka. Zogale a kwaɗo abinci ne mai kyau. Garin da ba a san abin da aka haɗa masa ba, a leda marar suna, wani abu ne daban.

Akwai kuma namu na gida, sha-ka-fashe, da 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba. Cikinsa sau da yawa akwai dekzametason, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na ɗan lokaci. Shan sa wata da watanni yana cika kumatu da ciki, ya ramar da tsokar hannu da ƙafa, ya hau da sukari da jini, ya tara kitse a hanta. Ƙibar da ake gani cutar ce da kanta.

Wani zai ce, "Ai yana da lambar NAFDAC." Ku duba kwalbar da kyau. A kan magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi akwai rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. An duba ko yana da guba a fili. Ba a tabbatar yana warkar da cututtuka goma sha biyun da aka jera a jikinsa ba. Duk abin da kuke sha, na bature ko na gargajiya, ku ɗauke shi da kwalbarsa ku nuna wa likita, kada ku ji kunya.

Maganin asibiti na farko da aka amince da shi musamman don wannan cuta, resmetirom, sai a watan Maris na 2024 ya samu izini a Amurka. Na masu tabo mai yawa ne, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma ko a can tare da gyaran abinci ake ba da shi.

Hantar da ake dukanta ta ko'ina

A ƙasarmu kitse ba shi kaɗai ke kai wa hanta hari ba. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su sani ba. Gyaɗa da masara da aka ajiye da laima suna yin funfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana jawo sankarar hanta, musamman ga mai nau'in B. Mun yaba gyaɗa da ƙuli-ƙuli a sama, to sai a tsince: wadda ta yanƙwane, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar. Giya da burukutu kuma, ko kaɗan ne, ƙarin itace ne a wutar.

Wanda ke da ciwon sukari, ko hawan jini, ko teɓa, ya nemi a duba hantarsa. Gwajin jini na ALT yana iya fitowa lafiya alhali akwai kitse, don haka akan haɗa da hoton ciki. Akwai kuma wani lissafi mai suna FIB-4 da likita ke yi da shekarunka da sakamakon gwajin jini uku masu araha; in ya gaza 1.3, da wuya a ce tabon ya yi nisa. A nemi gwajin nau'in B a lokaci guda, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi.

Aikin gida

Ku ari tef ɗin tela ku auna ƙugunku daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a tsaye, bayan kun fitar da numfashi, ba tare da kun haɗiye ciki ba. Iyakar namiji santimita 94, wato inci 37. Ta mace santimita 80, wato inci 31 da rabi. Wanda bai samu tef ba ya yanki igiya daidai tsawonsa daga ka zuwa diddige, ya ninka ta biyu, ya zagaya ƙugunsa: in bakin igiyar bai haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawo. Sannan na kwana bakwai ku rubuta a littafinku duk cokalin sukari da ya shiga shayinku, kununku da furarku, kowace gorar lemo mai santilita 50 ku sa mata cokali 12, ƙaramar kwalba mai 35 ku sa 9. Ku haɗa jimilla ku raba bakwai. Ku kuma lissafa kashi 5 da kashi 10 cikin 100 na nauyinku. Duk wanda ke da wata ƙwayar ƙari ko garin magani a gida ya zo da kwalinsa mako mai zuwa, za mu karanta abin da aka rubuta a jiki tare.